Minista Yana Cikin Firiza

Duk wanda ya san Ambrose Dunphy ya san abu biyu game da shi: ya iya riƙe kifi, kuma bai taɓa sumbatar kifi ba. Na biyun ne ya fi so a sani. In ka manta zai tuna maka, ko a ƙofar coci kuka haɗu, ko a wajen binne wani.

A ƙauyenmu aka haife shi, nan bayan tudun St. John's, babban birnin tsibirinmu, cikin koren gidan katakon da har yau yake kwana a ciki. Tun majina na zuba a hancinsa ubansa ya jefa shi cikin jirgin su, kuma a wajenmu in an ce kifi to kod ake nufi, sauran halittun ruwa kowa da sunansa. Ya tashi yana jan taru, yana farke ciki, yana barbaɗa gishiri, har tafin hannunsa ya koma kamar ƙirgi. Ya auri Philomena 'yar maƙwabtansu, wadda kowa ke kira Mena, gajeruwar mace mai muryar da ake ji daga ƙetaren ruwa ko da iska na kaɗawa. Suka haifi 'ya ɗaya, Loretta. Da an bar shi, da haka zai ƙare rayuwarsa, yana warin kifi yana gode wa Allah.

Ba a bar shi ba. Shekarar nan ta zo da gwamnati ta ce kifi ya ƙare a teku, kowa ya ɗaure jirginsa. Matasa suka tattara komatsansu suka nufi Alberta wajen aikin mai, Loretta da mijinta a cikinsu. Su Ambrose kuwa aka tara su a wani aji a birni wai za a koya musu kwamfuta, ƙatti masu furfura a kan kujerun yara. Yatsan Ambrose ɗaya yana danne harufa uku a lokaci guda. Malamar ta yi haƙuri da shi, shi ma ya yi haƙuri da ita, suka rabu ba wanda ya ƙaru da wani. Daga nan ya yi fenti, ya yi gadi, ya kwashe ƙanƙara a ƙofar mutanen birni da ba su san sunansa ba.

Sai jiragen nan na masu yawon buɗe ido suka fara zuwa. Farare ƙal, kowanne ya fi babban cocin birni tsawo, su tsaya a tasha da safe su amayar da dubban mutane masu fararen takalma. A loda su a bas, a hau da su tudun hasumiya su ɗauki hoton hazo, a zagaya da su layin gidaje masu launi-launi, a shigar da su coci su ɗaga kai su saki baki, a fito da su. Kafin jirgi ya busa ƙaho da yamma kuma dole a nuna musu masunci na gaske, a kuma mai da su 'yan tsibiri. Yadda ake mai da baƙo ɗan tsibiri kowa ya sani: ya ci yankan nama, ya kurɓi baƙar barasar rake mai ƙona maƙogwaro, ya maimaita wata magana irin tamu da harshensa ba zai iya juyawa ba, sannan ya sumbaci kifi a baki. Kada wani ya ruɗe ka da cewa al'adar kakanni ce. Kakata da ta ga mutum yana kai bakinsa wajen ɗanyen kifi, aikawa za ta yi a kira Fada ya yi masa addu'a.

Ranar da aka fara yi wa Ambrose tayin aikin riƙe wa baƙi kifin, ya yi rantsuwa har da kabarin ubansa cewa ba zai yi ba. Mena ta bari ya gama, sannan ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla. Fansho ba ya ɗumama gida har ƙarshen hunturu. Rufin yana yoyo a kan gadonsu, ta wajen da take kwanciya. Ga Loretta kuma, duk ranar Lahadi sai ta bugo waya: ta gyara musu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, akwai kafet, akwai talabijin, su sayar da tsohon gidan nan su taho.

Ambrose ya san ɗakin, ya taɓa kwana a ciki wata Kirsimeti. Taga ɗaya ce, can sama kusa da silin, ba abin da ake gani ta cikinta sai tayoyin motar surukinsa. Ya tambayi inda ruwa yake a garin, aka kai shi bakin wani tafki da ake hango ƙarshensa. Ya dawo gida a rame, ya tsaya a bakin teku yana shaƙar iska kamar wanda aka sako daga kurkuku. Ya sha ganin igiyar ruwa da ta fi gida tsawo bai razana ba, amma ɗakin nan yana tsoronsa har cikin ƙashi.

"Zaɓi ɗaya," in ji Mena. "Ko bas ya zo ƙofarka, ko kai ka hau bas."

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Aka share tsohuwar rumfar gyaran kifi ta ubansa, aka jera kujeru, aka rataye tsohon taru da fitilun da ba sa kamawa. Ya shiga ruwa a 'yan kwanakin da ake barin mutum ya kamo na miya, ya ciro wani ƙaton kifi mai kaurin cinyar namiji, ya kwantar da shi a firiza, ya raɗa masa suna Minista. Ya ce tunda minista ne ya zaunar da shi, to Minista ne zai ciyar da shi. Shekaru suka yi ta wucewa, Minista bai sauka daga mulki ba. Fatarsa ta yi fari-fari, ido ɗaya ya faɗi Mena ta maye shi da maɓallin tsohuwar kwat, kuma duk yamma bayan bas ya tafi sai Ambrose ya sa wuƙa ya kankare jan-bakin matan Amurka daga leɓensa kafin ya mai da shi makwancinsa.

Gaskiya ya iya aikin, ko da yake ba zan faɗa a gabansa ba. Zai sa rigar ruwa mai ruwan ɗorawa da hular da ta rufe ƙeya, ya murtuke fuska kamar mai karɓar haraji, su kuwa baƙin nan murtukewar ce ke kashe su da dariya. Ya rungumo kifin kamar jariri ranar baftisma, ya daka musu tsawa:

"Kowa ya goge bakinsa ya bushe! Minista daga ƙanƙara ya fito, in ya kama jiƙaƙƙen leɓe ba ya saki!"

Su goge, su matso ɗaya bayan ɗaya, su ɗan dangwala baki su ja da baya suna ihu, 'yan'uwansu na ɗaukar hoto. Tambayoyinsu kuwa sai wanda ya ji. Wani mai ƙaton tumbi ya taɓa tambayarsa ko da hunturu ma a nan suke zama, ko kamfani ne ke kawo su in bazara ta yi.

"Da hunturu a firiza ake ajiye mu," in ji Ambrose, "ni da Minista." Mutumin ya gyaɗa kai ya faɗa wa matarsa.

To, a ƙofar rumfar akwai wani dogon benci da ke fuskantar ruwa, na tsofaffin masunta. Sarkin bencin shi ne Cyril Hynes, wanda suka yi shekaru a jirgi ɗaya da Ambrose, dogo siriri mai harshe kamar ƙugiya. Cyril yakan yi fashin coci, amma bai taɓa fashin ranar jirgi ba.

"Ga dillalin aure ya fito," zai ce da ya hango rigar ruwan. "Ambrose, yau mata nawa za ka ɗaura wa Minista?"

"Ka ji da ciwon gwiwarka, tsohon banza."

"Kai jama'a. Ubansa ya sha gishirin teku, ɗan ya tashi ɗan kama."

Amsar Ambrose ɗaya ce, duk bencin sun haddace ta.

"Riƙewa nake yi, Cyril. Duk masunci yana riƙe kifi. Ubana ya riƙe, ubanka ya riƙe, in ya samu. Sumba kuwa ta wawayen da suka biya kuɗin jirgi ce. Ranar da ka ga bakina a jikin kifi, ka cire hula ka yi mini addu'ar gawa."

"Ina nan ina jira. Likita ya ce zan kai."

A kan wannan ɗan siririn zare Ambrose ya rataye mutuncinsa kaf. Mai dariya ya yi dariyarsa, amma mutumin da aka raba da jirginsa da sana'arsa da 'yarsa, in ya nuna abu ɗaya ya ce wannan ne ya rage masa, ni dai ba ni zan ƙwace masa ba.

Wadda ta zo ƙwacewa ma ba da son ranta ta zo ba. Sunanta Krista Noseworthy, sabuwar mai kula da yawon a kamfanin da ke turo basocin, yarinya mai fara'a, waya kullum a hannu, kakanta ma masunci ne. A farkon bazara ta zo ta zauna a kicin ɗin Mena, ta ci burodi mai zabibi, ta yaba, ta ƙara, sannan ta fito da abin da ya kawo ta.

"Kawu Ambrose, ka ji labarin mai gitar nan da ya buɗe wuri kusa da tasha?"

"Na ji. An ce kifinsa bai kai tafin hannu ba."

"Amma shi yake fara sumbata, har rawa yake yi da shi. Baƙi taurari biyar suke ba shi a waya. Naka kuwa suna rubutawa wai maigidan yana sa mutane abin da shi ba ya yi. Rabin bas sai su noƙe. Manya sun ce daga yanzu mai masauki ne zai fara nuna hanya. In ba haka ba, baɗi can za a riƙa kai basocin, ga shi ma kusa da jirgi."

"'Yata, ni da na riƙe musu kifi shekara da shekaru, yau mai gita ne zai koya mini aiki?"

"Kawu, wallahi ba ni na ce ba. Sumba ɗaya ce fa. Kifi ne, ba maciji ba."

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Mena daga wajen murhu, ko juyowa ba ta yi ba.

Bazarar nan kaf da dabara Ambrose ya cinye ta. Ya ce leɓensa ya fashe. Ya ce likita ya hana shi kai sanyi kusa da haƙori. Ya ce azumi yake yi, Gus direban bas ya tuna masa azumin Ista ya wuce tun tuni. Krista ta yi ta ɗaga masa ƙafa don tana son tsohon, har ganyen tudu ya fara ja, aka zo kan jirgin ƙarshe na shekara. Ta bugo waya ta ce da kanta za ta biyo bas, kuma abin da idonta ya gani shi za ta faɗa wa manya, ƙarya ba za ta yi ba.

Ana gobe jirgi zai zo, Mena ta same shi da hantsi a gaban madubi, sanye da hular ruwa, rungume da mulmulen burodi.

"Me kake yi da burodina?"

"Tsaya daga can ki gani."

Ya ɗora babban yatsansa a kan bakin burodin, ya karkato hular ta yi inuwa, ya duƙa ya sumbaci yatsan da ƙara, muwa!

"Kin gani? Daga kujera ba mai ganewa. Krista ta ga sumba, ni kuma na san abin da na sani."

"Ambrose, na daɗe ina kallon wautarka, amma wannan ta ci gari. Girman kai rawanin tsiya. Ni har na zaɓi launin labulen da zan rataya a tagar Loretta. Ba ya buƙatar yadi mai yawa."

Da wasa ta faɗa, amma sai ta juya tana goge teburin da ba datti. A nan ya gane ita ma tsoron ɗakin take yi, faɗa ce kawai ba ta yi. Uwarta da ubanta suna kwance a maƙabartar kan tudu, duk ranar Asabar takan hau ta cire musu ciyawa. Tausayinta ya kama shi, haushin kansa ya biyo baya. Ya ajiye burodin, ya tafi rumfa ya murɗa firiza har ƙarshen sanyinta. Tunaninsa shi ne, in ta ɓaci dole sai baki ya taɓa, to gara kifin ya zama dutse, ba wari ba ɗanɗano.

Washegari bas ya iso bayan azahar. Benci ya cika, Cyril har da kwat ɗinsa ta zuwa coci, don Gus ya riga ya baza labari.

"Na ji an ce yau ɗaurin aure," in ji Cyril, "shi ya sa na yi kwalliya."

Ambrose ya wuce shi kamar bai ji ba. Baƙin suka sauko, yawanci tsofaffi, sun gaji da hawan tudu, kowa da jakar tsarabar da bai san me zai yi da ita ba. Suka zazzauna a kujeru. Mace ɗaya ce ta ƙi, wata Doreen daga Nebraska, 'yar firit mai tabarau a rataye a wuya. Ta ce kujerar ta yi wa ƙugunta ƙasa, ta je ta ɗare kan wata ganga a gefe, daidai kafaɗar Ambrose. Krista ta tsaya a baya. Mena tana ƙofa da farantin burodi.

Aka ci nama, aka kurɓi barasa, aka yi tari aka share hawaye. Aka maimaita magana aka kashe ta murus. Sannan Ambrose ya buɗe firiza ya ɗauko Minista, yana hayaƙin sanyi, idonsa na maɓalli yana ƙyalli.

"Kowa ya goge bakinsa ya bushe!" ya daka tsawar da ya saba. "Yau kuma, don girmama jirgin ƙarshe, ni zan fara."

Ya karkato hula, ya duƙa, muwa! Aka tafa. Krista ta saki ajiyar zuciya. Cyril ya miƙa wuya daga ƙofa yana ƙifta ido, bai tabbatar da abin da ya gani ba.

"Maigida," in ji wata murya daga kan ganga. "Yatsanka ka sumbata."

Tafin ya tsaya cak, Ambrose ya waiwayo.

"Baiwar Allah, wurin nan da ɗan duhu, wataƙila idonki ne."

"Idona ras. Rayuwata duka a aji na yi ta ina kama masu satar amsa, kuma sun fi ka iyawa. Daga inda ko kududdufin kirki babu na taso, na biya kuɗi, na yi amai a jirgi, don in ga masunci. In kifin nan bai isa bakinka ba, to bai isa nawa ba."

Ta naɗe hannuwa a ƙirji. Matar da ke gaba ta naɗe nata. Kafin ka ce kwabo bas guda ya naɗe hannu.

"Kai, matar nan ta burge ni," in ji Cyril da ƙarfi. "Gus, tambayo mini ko tana da miji."

Ambrose ya dubi Krista, ta sunkuyar da kai. Ya dubi Mena, ta mai da idonta kan farantin. Ya dubi Cyril, a bayan Cyril kuma ga teku nan shimfiɗe, toka-toka, har inda ido ya ƙare. Sai ya yi abin da duk mai jin tsoro yake yi ba tare da ya sani ba: ya lashi leɓensa, sama da ƙasa. Ya janye yatsa, ya rufe ido, ya danna bakinsa a na Minista da ƙarfi kamar mai huce haushi, ya kuma daɗe a wurin don kada malamar ta sake cewa ba ta gani ba.

Da ya ja kansa baya, Minista ya biyo shi.

Ya ja hagu, Minista ya bi hagu. Ya ɗaga kai, ƙaton kifin ya ɗago tare da shi. Leɓen sama da na ƙasa duk sun kama, har da rabin gashin baki. Mutumin da ya shekara da shekaru yana gargaɗin duniya, shi ne bai goge ba.

"Mmm!" in ji Ambrose. "Mmmm!"

Baƙin suka ɗauka cikin wasan ne. Rumfar ta ɓarke da sowa, wayoyi suka tashi sama. Wani tsoho ya yi dariya har matarsa ta riƙa bubbuga masa baya. Gus ya shigo da gudu ya kama wutsiyar yana cewa bari ya fizge sau ɗaya a huta.

"Maryamu uwar Yesu!" Mena ta dire faranti. "Kada wanda ya ja! So kake ya bar leɓensa a can? Ruwan ɗumi ake zubawa, kai wane irin ɗan tsibiri ne?"

Ruwan da ke wurin kuwa shayi ne a buta, yana tafasa. Sai an jira ya huce. Mena ta ɗauki kofi biyu ta shiga juya shi daga wannan zuwa wancan tana hurawa, kuma waɗanda suka gani sun ce ba ta yi wani sauri ba.

Gus ya dubi agogo ya ce shi fa ba ruwansa, jirgi ba ya jiran kowa, wanda aka bari sai ya bi shi da iyo. Nan Doreen ta sauko daga ganga ta tafa hannu sau biyu, irin tafin da ke sa aji ya nutsu.

"Layi! Kowa ya goge bakinsa ya bushe, haka maigida ya ce. Kan kifi ya samu mai shi, mu sai mu yi da wutsiya."

Haka aka yi. Ambrose yana duƙe, baki manne da bakin Minista, hawaye na bin kumatunsa, na sanyi ne ko na kunya shi ya sani, baƙi kuwa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna sumbatar wutsiya. Ko mutum ɗaya bai noƙe ba. Kowa in ya gama sai ya dafa kafaɗarsa ya yi godiya. Doreen ce ta ƙarshe. Ta leƙo fuskarsa ta ƙarƙashin hular ta ce, "Ka ga yanzu ka yi da kyau."

Mena ta gwada shayin a bayan hannunta, ta tsiyaya a hankali tsakanin bakunan biyu. Aka ji wata 'yar ƙara, ango da amarya suka rabu, 'yar fata da gashin baki kaɗan suka zauna a wajen Minista. Kalmar farko da ta fito daga bakin Ambrose ba ta rubutuwa, Allah ya sa baƙin ba su gane harshenmu ba.

Krista tana zaune a ƙasa dirshan, ta riƙe ciki, kwallin idonta ya zubo.

"Kawu, wayyo cikina. Baɗi bas biyu zan turo duk jirgi, ko manya sun so ko sun ƙi. Amma don Allah, za ka iya maimaitawa?"

"Sumbar zai yi," in ji Mena kafin ya buɗe abin da ya rage na bakinsa. "Mannewar kuwa sai mun zauna mun yi ciniki."

Ambrose ya juya wajen ƙofa yana jiran abin da ya san zai zo. Cyril ba ya nan. Ya tashi ya tafi gida ba tare da ya ce uffan ba, kuma wannan ya fi wa Ambrose zafi a kan duk dariyar da aka yi.

Kwanaki bai leƙa waje ba. Leɓen ya kumbura suntum, miya ma ta gefe yake sha. Hoton ya zagaya wayoyin duniya, har Loretta ta bugo daga Alberta tana dariya ta kasa magana, ta ce abokan aikin mijinta duk sun gani. Gidan ya tsira, ya sani, baɗi za a gyara rufi. Amma yana zaune a bayan labule yana jin kamar an tuɓe shi a kasuwa. Abu ɗaya da ya ce ba zai yi ba ya yi shi, a gaban mutum ɗaya da ya rantse wa.

Mena ta gaji da ganinsa. Wata safiya ta miƙa masa kwat da hula.

"Fita ka ba ni wuri in yi shara. Ba ka ceci gida don ka ruɓe a cikinsa ba."

Ya fita yana jan ƙafa kamar mai zuwa kotu. Sanyi ya fara sauka, ba jirgi, ba bas, rumfa a rufe. Mutum uku ne a benci, Cyril a tsakiya, hannuwa cikin aljihu. Ambrose ya tsaya a gabansu. Cyril ya ɗago ya dubi leɓen, ya daɗe yana dubawa.

"To, faɗi," in ji Ambrose. "Faɗi abin da ke bakinka kowa ya huta. Ka cire hular ma in kana so."

"An ce basoci za su dawo baɗi."

"Za su dawo."

"Ba Alberta ke nan."

"Babu."

Cyril ya mai da fuskarsa wajen teku. Ya ciro hankici ya fyace hanci, ya ninke shi, ya sake fyacewa, alhali ba mura yake yi ba.

"Tun da Gus ya faɗa mini ban yi barcin kirki ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na ce wannan jakin taurin kai zai sa ya ƙi, su kwashe shi su kai shi rami. Da ka tafi, wa zan zaga? Waɗannan biyun, ɗaya kurma ne, ɗaya ba ya jin haushi."

Ambrose ya buɗe baki. Ya so ya yi magana, leɓen ya hana, ya kuma gode wa leɓen.

Cyril ya mai da hankici aljihu, ya matsa gefe, ya bubbuga katakon bencin da tafin hannu.

"Zauna, ango. Yaya amarya ta kwana?"